Wuraren Bautar Shinto da Maziyartansu Cikin Hotunan Farko na Ƙasar Japan

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Maganar tana da ƙarfi a kasuwa da gaban alƙali, amma mai binciken tarihi in ya ɗauke ta ɗungurungum ya aza bisa tsofaffin hotuna, za ta kai shi ta baro. Hoto shaida ne, shaida kuwa sai an tambaye shi inda ya tsaya, da abin da ya iya hangowa daga nan, da wanda ya kira shi. Misalin da za mu duba cikin wannan takarda shi ne hotunan wuraren bautar Shinto na ƙasar Japan waɗanda aka ɗauka tsakanin 1860 da 1900. Duk wanda ya buɗe kundin irin waɗannan hotuna zai ga ƙofofi da matakala da manyan itatuwa, wuri shiru, ba kowa sai mutum biyu ko uku a tsaye kamar an dasa su. Sai ya zaci haka wuraren su ke tun fil azal. Alhali kuwa wuraren hayaniya ne da cinkoso, kuma a daidai shekarun da a ke ɗaukar hotunan nan a ke rushe waɗansu gine-ginensu, a ke sake musu suna da masu hidima. Abin tambaya shi ne, ina mutanen suka shiga, kuma me ya rage cikin hoton da za a iya dogara da shi?

Kalmomin da za mu yi aiki da su

Kafin mu shiga labari ya kamata mu daidaita kalmomi, gama rikicin suna yana cikin abin da ya ɓad da masu kallon hotunan. Mutanen Japan suna kiran abin da a ke bauta wa cikin Shinto kami. Kami suna da yawa ƙwarai: akwai na rana, da na shinkafa, da na dutse ko kogi, akwai kuma mutanen da suka shahara aka ɗaukaka su bayan mutuwarsu. Wurin da a ke yi wa kami hidima sunansa jinja, shi za mu riƙa kira wurin bauta ko kuwa jinja. Alamarsa ita ce torii, watau ginshiƙai biyu da aka gitta musu itace biyu a sama, ƙofa ce ba ƙyaure. Wurin ibadar mabiya addinin Buddha kuwa sunansa tera, shi za mu kira haikali, alamarsa gumaka da babbar ƙararrawa da hasumiya mai hawa-hawa.

Turawan da suka sayi hotunan, da masu rubuta musu suna a ƙasa, galibi kalma ɗaya su ke sa wa jinja da tera duka. A farkon lamari ba su yi nisa da gaskiya ba, domin fiye da shekara dubu addinan nan biyu suna cuɗe da juna. A kan sami haikali cikin harabar jinja, malaman Buddha su ne ke riƙe da manyan wuraren bauta da yawa, har a kan ce kami kaza siffa ce ta Buddha kaza. Rarrabewar da mu ke gani yau aikin hukuma ne na 1868, za mu zo kansa.

Yadda kyamara ta shiga Japan

An bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a Faransa cikin 1839. A lokacin nan Japan tana hannun shogun na gidan Tokugawa, watau sarkin yaƙi mai riƙe da mulki a birnin Edo, wanda ya zama Tokyo, kuma ba a yarda Turawa su yi ciniki ba sai mutanen Holan, su ma a Nagasaki kaɗai. Ta nan kyamara ta fara shiga cikin 1848. Hoto mafi tsufa da ɗan ƙasa ya ɗauka wanda ya wanzu har yau shi ne na Shimazu Nariakira, sarkin Satsuma, na 1857. Jiragen Amurka ƙarƙashin Perry sun zo cikin 1853 da 1854, sa'an nan cikin 1859 aka buɗe wa baƙi tashoshin Yokohama da Nagasaki da Hakodate. Cikin 1862 Ueno Hikoma ya buɗe shagon hoto a Nagasaki, Shimooka Renjo kuma ya buɗe nasa a Yokohama. Shekara ta kewayo, 1863, sai ga Felice Beato, haifaffen Italiya, wanda ya riga ya ɗauki hotunan yaƙi a Kirimiya da Indiya da Sin, ya sauka Yokohama. Hotunansa su ne suka zama abin koyi ga waɗanda suka biyo baya.

To, akwai sharaɗi cikin yarjejeniyar da aka ƙulla da baƙin nan wanda ya shafi zancenmu. Ba a yarda baƙo ya yi nisa da tasharsa fiye da ri 10 ba, watau wajen mil 24. Daga baya aka riƙa ba da takardar izinin shiga cikin ƙasa, ba a kuwa ɗage sharaɗin gaba ɗaya ba sai 1899. Sabo da haka wuraren bautar da suka cika kundin farko su ne waɗanda dokin Bature ke iya kaiwa: Hachiman na Kamakura, da tsibirin Enoshima, da Suwa na Nagasaki, da Atago na Edo mai matakala 86, inda Beato ya hau ya ɗauki birnin duka. Iyakar yarjejeniya ita ta zaɓi mafi yawansu, ko da ya ke akwai waɗanda suka fi su daraja wurin 'yan ƙasa. Tafiyar ma ba ta rasa hatsari. Cikin Nuwamba 1864 aka sare hafsoshin Ingila biyu, Baldwin da Bird, a Kamakura, jim kaɗan bayan sun rabu da Beato a Enoshima. Mai ɗaukar hoto a irin wannan zamani ba shi da sha'awar kafa kyamararsa tsakiyar taro.

Abin da gilashi ba ya iya kamawa

Dalili na biyu yana cikin akwatin kansa. Dabarar da a ke aiki da ita a shekarun nan ita ce ta jiƙaƙƙen gilashi, wadda Frederick Scott Archer ya bayyana a Ingila cikin 1851. Mai hoto zai zuba wa farantin gilashi wani magani mai danƙo da a ke kira kolodiyan, ya tsoma shi cikin ruwan azurfa a cikin duhu, ya sa cikin kyamara, ya buɗe ido, ya rufe, ya koma duhu ya wanke, duk kafin maganin ya bushe, watau cikin minti goma ko sha biyar. Don haka duk inda za shi sai da tanti mai duhu, da kwalabe, da ruwa, da akwatunan gilashi, da 'yan dako. Idon kyamara kuwa sai ya zauna a buɗe sakan da dama ko da cikin rana, in ƙarƙashin inuwar manyan itatuwan da ke kewaye da jinja ne ya fi haka daɗewa. Duk abin da ya motsa cikin wannan lokaci ko dai ya fito dishi-dishi kamar fatalwa, ko ya ɓace sarai.

Yanzu mai karatu ya dubi yadda ziyarar jinja ta ke. Maziyarci zai wuce ta ƙarƙashin torii, ya tsaya wurin kwarmin ruwa ya wanke hannu ya kurkure baki, ya hau matakala, ya jefa kuɗi cikin akwati, ya girgiza igiyar ƙararrawa, ya rusuna, ya tafa hannu, ya juya ya ba na baya wuri. Tun daga farko har ƙarshe motsi ne. Ranar biki kuwa samari ne ke ɗauke da mikoshi, watau akwatin kami, a kafaɗa, suna tangaɗi da shi cikin lunguna. Ashe ainihin abin da ya sa aka gina wurin shi ne abin da gilashin Archer ba ya iya riƙewa. Dutse da katako su ke tsayawa cik, su suka fito.

Mutanen da mu ke gani a tsaye fa, su wane ne? Waɗanda aka ce su tsaya ne suka tsaya. Galibi yaran mai hoto ne, ko 'yan dakonsa, ko mai kula da doki, ko 'yammatan shagon shayi na bakin ƙofa, ko yaran unguwa da suka zo kallon Bature. A kan ajiye mutum gindin torii don mai kallo ya gane tsawonta. Wanda ya lura zai ga da yawansu kyamara su ke fuskanta, sun ba wurin bauta baya, abin da mai ibada ba ya yi sa'ad da ya ke ibadarsa.

Har launi ma gilashin ya sauya shi. Kolodiyan yana jin shuɗi ƙwarai, amma ja da rawaya kusan baƙi ya ke mai da su. Sabo da haka sama ta kan fito fara fat ba gajimare, ginshiƙan da aka shafe da jan fenti mai haske kuwa su fito baƙi ƙirin. Wurin da ido ke gani yana walƙiya sai ya zama mai duhu da kwarjini. Jan da mu ke gani cikin hotuna masu launi, hannun mai zane ne ya sa shi daga baya a shago, wani lokaci mai zanen bai taɓa zuwa wurin ba.

Taron Ise

In muna so mu auna yawan abin da ya ɓace, sai mu dubi Ise, wurin bautar Amaterasu, kami ta rana, wadda gidan sarautar Japan ke danganta asalinsa gare ta. A zamanin Tokugawa burin talaka ne ya je Ise ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ƙauyuka suna da ƙungiyoyi masu kama da adashi: kowa ya zuba, a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa ya tafi a madadin saura ya komo musu da layu. Akwai waɗansu masu hidima da a ke kira onshi, su ke yawo ƙasa suna raba layu da kalanda, su ke kuma saukar da baƙi a gidajensu su ciyad da su. Tsakanin wurin bauta na waje da na ciki akwai unguwar Furuichi, cike da masaukai da gidajen wasa da na shaƙatawa. Bayan wannan kuma, a kan yi shekarar da jama'a ke ɗunguma gaba ɗaya, bara ya bar ubangidansa, yaro ya bar iyayensa ba sallama, mutanen hanya suna ciyad da su sadaka. An yi haka cikin 1705 da 1771 da 1830. A na 1830 an ƙiyasta fiye da mutum miliyan 4 suka je cikin 'yan watanni, a ƙasar da jama'arta duka ba su wuce wajen miliyan 30 ba.

Masu zanen da a ke bugawa da katako, irin su Hiroshige, sun nuna wannan cinkoso, ga jama'a maƙil a mashigin kogin Miyagawa suna jiran jirgin fito. Mai zane yana iya tara mutum ɗari cikin takarda ɗaya, kowa da abin da ya ke yi. Ko cikin 1867, Beato yana Japan, an yi wata guguwar rawa da ta game garuruwa da yawa bayan an ce layun Ise da na waɗansu wurare suna faɗowa daga sama, amma labarinta ta hanyar zane da rubutu ya iso mana. Nan ji ya fi gani.

Ise tana nesa da iyakar da aka yanka wa baƙi, kuma ko ɗan ƙasa ya je da kyamara sai ya tsaya waje, gama ɗakin kami yana bayan shinge huɗu, ba a hango kome sai rufin ciyawa da itatuwan da suka gitta bisansa. Ba a bar mai hoto ya shiga can ciki ba sai 1953, sa'ad da aka yardar wa Watanabe Yoshio ya ɗauki sababbin ɗakunan kafin a mai da kami cikinsu. A nan ma akwai abin lura: al'ada ce a sake gina ɗakunan Ise kowace shekara 20 a filin da ke gefe, a rushe tsofaffin. An yi cikin 1869 da 1889 da 1909 da 1929, yaƙi ya jinkirta na gaba har 1953, na baya-bayan nan kuwa shi ne na 2013, karo na 62. Ke nan ginin da ke cikin hoton 1880 ba shi ne na hoton 1895 ba, ko da sun yi kama kamar an tsaga kara.

Abin da hoto ya ceto a Kamakura

Kada mai karatu ya ɗauka hotunan nan ba su da amfani. Inda suka gaza wajen mutane sun biya wajen gini, misali mafi kyau kuwa shi ne Hachiman na Tsurugaoka a Kamakura. Minamoto no Yoritomo ne ya kafa shi a inda ya ke yanzu cikin 1180. Hachiman kami ne na mayaƙa, amma har 1868 ana yi masa laƙabi irin na addinin Buddha, malaman Buddha ne ke riƙe da wurin, sunan wurin ma yana ɗauke da kalmar haikali. Cikin hotunan da Beato ya ɗauka a shekarun 1860 ana ganin babbar hasumiyar Buddha mai hawa biyu tsaye cikin harabar, kusa da matakalar da ke hawa zuwa ɗakin kami.

Cikin 1868 mulkin shogun ya faɗi, aka mai da iko ga Sarki Meiji. Sabuwar hukuma tana so ta kafa sarautar bisa Shinto tsantsa, sai ta ba da umurni a raba kami da Buddha: a fid da gumaka da ƙararrawa daga jinja, a daina kiran kami da laƙabin Buddha, malaman Buddha da ke hidima a jinja su tuɓe rigarsu ko su tashi. A wurare da yawa abin ya zarce umurni ya zama ɓarna. A Tsurugaoka cikin 1870 aka rushe hasumiyar nan, da ƙofar da gumakan tsaro biyu ke ciki, da ɗakin ƙararrawa, da ma'ajin littattafai. Gumakan tsaron suna haikalin Jufukuji a nan Kamakura, littattafan kuwa suka ƙare a haikalin Sensoji na Tokyo. Wanda ya je wurin bayan shekara goma ba zai ga alamar an taɓa yin hasumiya ba. Hoton Beato yana cikin manyan shaidun siffarta.

Haka aka yi a wurare da dama. Gion na Kyoto ya koma Yasaka, Konpira na tsibirin Shikoku ya koma Kotohira, Enoshima ta rabu da gine-ginenta na Buddha. A Nikko, inda aka binne Tokugawa Ieyasu aka ɗaukaka shi ya zama kami cikin 1617, an raba wurin kashi uku, jinja biyu da haikali ɗaya, amma hasumiyarsa mai hawa biyar ta tsira tana nan cikin harabar jinja har yau. Yokoyama Matsusaburo ya ɗauki hotunan Nikko a daidai wannan lokaci, kuma cikin 1872 hukuma ta tafi da shi rangadin ƙidayar kayan tarihi na haikalai da wuraren bauta, don ta fara jin tsoron abin da ke salwanta. Ashe hukumar da ta jawo rushewa ita ce kuma ta fara ɗaukar mai hoto aikin adanawa.

Cikin 1871 aka yi wani canjin da ya shafi maziyarta kai tsaye. Aka ce jinja wurin hidimar ƙasa ne, aka soke gādon hidima daga uba zuwa ɗa, aka jera wuraren bauta daraja-daraja, aka kuma soke aikin onshi na Ise, waɗanda su ne igiyar da ta ɗaure ƙauyuka da wurin. Sabo da haka shirun da ke cikin hoton 1865 na gilashi ne, amma na hoton 1880 yana iya zama har da na hukuma, wadda ta share rumfuna da gumaka da masu roƙo daga harabar manyan wurare. Ido ba ya rarrabe shirun nan biyu, sai an san shekarar hoton.

Kasuwar Yokohama

Dalili na uku shi ne mai saye. Tun daga wajen 1870 masu yawon duniya suka riƙa sauka Yokohama, kowa yana so ya koma gida da tsaraba. Shagunan hoto suka shirya musu kundi mai bangon katako da aka shafe da baƙin fenti mai sheƙi, hoto 50 ko 100 a ciki, an buga su bisa takardar da aka shafa wa farin ƙwai, an sa musu launi da hannu. Kowane hoto da lambarsa, baƙo ya zauna ya zaɓa. Beato ya sayar da shagonsa cikin 1877 ga kamfanin Stillfried, mutumin Ostiriya, da abokinsa Andersen. Wannan kamfani kuma ya koma hannun Adolfo Farsari cikin 1885. Kusakabe Kimbei, wanda ya fara da sa wa Beato launi, ya buɗe nasa cikin 1881 ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sana'ar.

Mai saye tsohuwar Japan ya ke nema, ba ya son ganin turakun waya ko mutum da kwat. Don haka aka riƙa maimaita wurare ƙalilan: ƙofar Yomeimon ta Nikko mai sassaƙa, da gadar Kameido mai doro da furanninta masu zubowa, da fitilun dutse da barewar Kasuga a Nara, da torii na Miyajima da ke tsaye cikin teku. Maziyartan da gilashi ya kasa kamawa a waje kuwa sai aka ƙirƙiro su a shago. A cikin kundin Kimbei akwai hoton mai ziyarar dutsen Fuji, da fararen tufafi da malfa da sanda, dutsen kuwa zane ne a jikin labule. Akwai mai hidimar jinja cikin cikakkiyar shigarsa, tsaye bisa tabarmar shago. Tufafin na iya zama na gaske, amma babu mai tabbatar da wanda ke cikinsu ya taɓa hawa dutse ko ya yi wa kami hidima. Irin wannan hoto shaida ne bisa abin da baƙo ya ke so ya saya.

Ƙananan jinja na ƙauye, inda mafi yawan mutane ke kai roƙonsu na ruwan sama da lafiyar yara, ba su cika shiga kundi ba, don ba mai sayensu. Su ne kuwa suka fi shan wuya daga baya: daga 1906 hukuma ta sa a haɗe ƙananan wurare, cikin shekara takwas aka rufe wajen 70,000 daga cikin kimanin 190,000.

Sa'ad da taro ya bayyana

Cikin shekarun 1880 busasshen gilashi ya iso Japan, wanda a ke saye a shirye, mai kama hoto cikin ƙiftawar ido. Esaki Reiji na Asakusa ya yi suna cikin 1883 da ya ɗauki fashewar nakiya a kogin Sumida. Cikin 1900 aka yarda wa 'yan kasuwa su buga katin wasiƙa mai hoto, abin ya bunƙasa lokacin yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905. Daga nan mutane suka cika hotunan jinja. Sai dai taron da ya bayyana ya riga ya sake kama. Jirgin ƙasa ya kai Kamakura cikin 1889, hanyarsa ma ta ratsa tsohon titin da ke zuwa Hachiman, ya kai Ise cikin shekarun 1890, tafiyar makonni a ƙafa ta zama ta yini ɗaya ko biyu. An kuma gina sababbin wurare na hukuma: Yasukuni na matattun yaƙi, wanda aka kafa cikin 1869 aka ba shi wannan suna cikin 1879, da Heian na Kyoto cikin 1895, da na Sarki Meiji a Tokyo cikin 1920. Maziyartan da suka yawaita cikin hotunan wannan zamani sojoji ne da 'yan makaranta, a jere sahu-sahu, malami a gefe. Wannan tsari na hukuma ya ƙare cikin Disamba 1945, bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da aka raba Shinto da gwamnati. Ke nan kyamara ba ta taɓa samun tsohon taron Tokugawa sosai ba: lokacin da ya ke nan ba ta da sauri, lokacin da ta yi sauri ya watse.

Yadda ya kamata a karanta su

Malamin da zai aza irin wannan hoto gaban ɗalibai, abu na farko shi ne ya nemi shekararsa, kada kuwa ya dogara da shekarar da aka sayi kundin. Gilasan sun riƙa bin hannu daga shago zuwa shago, har a kan sami hoton shekarun 1860 cikin kundin da aka sayar bayan shekara ashirin da sunan wani. Gobara kuma ta cinye da yawa: ta Yokohama ta 1866 ta ƙone shagon Beato, ta 1886 ta ƙone na Farsari, girgizar ƙasa ta 1923 ta rushe garin. Shi ya sa da yawan abin da ya tsira a Turai da Amurka aka same shi, cikin kayan jikokin masu yawon duniya.

Hoton kansa ya kan faɗi shekarunsa ga mai lura. In akwai keken da mutum ke ja, bai riga 1869 ba. In maza sun yanke tukkunsu irin na Turawa, galibi bayan 1871 ne. In mutum yana rataye da takuba biyu a fili, ko dai kafin hanin 1876 ne ko kuwa shirin shago ne. Torii na Miyajima da ke tsaye yau an kafa shi cikin 1875. Hasumiyar Kamakura in ta fito, hoton bai wuce 1870 ba. Katon itacen da ke gefen matakalar nan, wanda ke cikin kusan kowane hoton wurin, iska ta kayar da shi cikin Maris 2010, shi ma ya zama ma'auni.

Bayan shekara sai a tambayi mutanen da ke ciki: ina suka fuskanta, wa ya tsai da su, akwai dishi-dishin wani da ya gitta? Sau da yawa wannan inuwa da mai hoto ya ɗauka aibi ce, ita ce kaɗai maziyarcin gaske cikin hoton. Sa'an nan a ajiye hoton kusa da zanen katako na wurin, da labarin matafiya, da littafin ƙungiyar ƙauye, a ga inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Waɗannan tambayoyi su ne kuma ya kamata mu yi wa hotunan garuruwanmu da Turawa suka ɗauka a farkon zuwansu, gama su ma baƙo ne ya zaɓi inda zai tsaya, don idon mutanen gidansu. Ɗalibin da ya koyi tambayar hoton Kamakura ina jama'a suka tafi, ba zai kalli hoton tsohuwar ƙofar gari ba kowa ya ce haka garin ya ke ba.